ABIN DA MUKA GANO A WANI TSOHON COCI CIKIN HAMADAR ARIZONA

(Jawabin da wakilin 'yan'uwanmu masu fataucin duwatsu ya gabatar a babban taron ƙungiya, ranar da aka tattauna maganar tsohon masallaci.)

 

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman da na'ibansa, Allah ya gafarta malam. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da ke can baya, 'yan'uwa 'yan kasuwa, da 'ya'yanmu matasa, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaba ya nemi mu, mu da muka je cin kasuwar duwatsu a Amurka cikin watan Fabrairun 2024, mu ba jama'a labarin tafiya. Mun amsa, amma da sharaɗin a bar mu mu haɗa labarin da maganar da ke gaban wannan taro, wato maganar tsohon masallacin da iyayenmu fataken goro suka gina, ko a rushe shi a yi mai bene da shaguna a ƙasa, ko kuwa a gyara shi. Dalili kuwa shi ne, mun ga wani gini a can wanda ya sha irin ciwon da bangon masallacinmu ke fama da shi yau, mun kuma ga yadda masu shi suka yi masa magani. Gani ya kori ji.

Da farko dai, ga waɗanda ba su san kasuwar ba. A jihar Arizona, kusa da iyakar Amurka da Meziko, akwai wani gari da ake kira Tusan. Kowace shekara, daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, garin nan gaba ɗaya yakan koma kasuwar duwatsu masu daraja. Tun 1955 aka fara abin, yau ga shi ya cika otal-otal da tantuna da filayen ajiye motoci. Akwai ma sashen da mutanen Afirka ke kasa kayansu, inda za ka tarar da Hausawa da mutanen Mali da Senigal da Gambiya, masu tsakiya da murjani da kayan sassaƙa. Mu kuwa abin da muke kaiwa shi ne irin duwatsun nan da ake haƙowa a ƙasar Oyo da Nasarawa, waɗanda muke saye a Badun.

A Los Anjalis muka sauka, wani ɗan'uwa mazaunin can ya ɗauke mu a motarsa, muka kama babbar hanya mai lamba 10 muka nufi gabas. Tafiyar ta kai kusan kilomita 780. Da ka bar gari ka wuce duwatsu, shi ke nan sai hamada. Wanda ya taɓa bin hanyar Tawa zuwa Agadas zai ga kama, sai dai can kwalta ce shimfiɗe, ba rami ba gargada. Da muka shiga ƙasar Arizona sai muka fara ganin wata irin itaciya mai ƙaya, ba ganye ko ɗaya, doguwa sambal da rassa biyu ko uku a ɗage sama, kai ka ce direba ne aka tsayar a shingen 'yan sanda. Takan wuce mita 12 a tsawo, takan kuma haura shekara 150 a raye.

A wani ɗan ƙauye mai suna Quartzsite muka tsaya shan mai, a nan aka nuna mana kabarin wani mutum da ake kira Hajji Ali. Sojojin Amurka ne suka ɗauko shi daga Gabas ta Tsakiya a 1856 don ya kula musu da raƙuman da suka sayo, suna gwada ko raƙumi zai yi musu aikin sufuri a hamada. Bakinsu bai iya faɗin sunansa ba, sai suka mai da shi Hi Jolly. Aikin raƙuma ya watse, shi kuwa ya zauna can har ya rasu a 1902. A 1935 hukuma ta gina masa 'yar dala ta duwatsu a kan kabarin, da siffar raƙumi a samanta. Jama'a, baƙo ne kamar mu, a ƙasar da ba tasa ba. Ba don wannan tarin duwatsu ba, da yau wa zai san ya taɓa zama a can? Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan mun yi kwanaki a kasuwa, wata rana da ciniki ya ja baya, sai mai masaukinmu ya ce mu zo ya kai mu mu ga wani abu. Muka kama hanya mai lamba 19 wadda ta yi kudu zuwa iyakar Meziko. Ba mu wuce kilomita 16 daga gari ba sai muka hango wani gini fari fat a tsakiyar fili, da ƙubba da hasumiya biyu, rana na dukansa yana ɗaukar ido. Wallahi daga nesa sai ka rantse masallaci ne. Ashe coci ne na 'yan Katolika, sunansa San Xavier del Bac, mutanen wurin kuwa suna yi masa kirari da Farar Kurciyar Hamada.

Mun san akwai wanda zai ce a ransa, me ya kai Alhazai coci? Tambaya ce mai kyau, mu ma sai da muka tsaya muka yi ta a bakin ƙofa. Abin da muka koya a Islamiyya shi ne, malamai sun yi saɓani kan shiga wurin ibadar Ahlul Kitabi, musamman idan akwai siffofi a ciki, wasu sun karhanta, wasu sun halatta idan ba ibada ta kai mutum ba. Biyu daga cikinmu suka zaɓi su tsaya a waje, ba wanda ya zarge su. Mu da muka shiga, mun shiga ne a lokacin da ba a ibada, mun yi kallo da ladabi, mun fito, sallarmu ta azahar kuwa sai da muka koma masallacin cikin garin Tusan muka yi ta. Muna kuma tuna abin da littattafan tarihi suka kawo game da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA) lokacin da ya shiga Baitul Muƙaddas, yadda ya ƙi yin salla a cikin cocin garin, don kada Musulmi na baya su ce ai Umar ya yi salla a nan su ƙwace wurin. Wanda ke son ƙarin bayani ya duba Suratul Hajji aya ta 40, inda aka ambaci wuraren ibadar Yahudu da Nasara tare da masallatai. Allah ya gafarta malam, in da gyara a nan, kai ne mai gyarawa.

To, ga tarihin ginin a taƙaice. Ƙasar ta wata ƙabila ce da ake kira Tohono O'odham, ma'anar sunan kuwa mutanen hamada. Suna cikin 'yan asalin Amurka waɗanda Turawa suka zo suka tarar, manoma ne a bakin wani kogi, sunan ƙauyen ma daga ruwan ya samo asali. A 1692 wani fada mai suna Eusebio Kino, haifaffen ƙasar Italiya da ke aiki ƙarƙashin Sarkin Sifen, ya iso ƙauyen ya kafa mishan. Zaman bai zo da sauƙi ba, don a 1751 ƙabilun yankin sun yi wa Sifaniyawa bore. Ginin da muka gani an fara shi ne a 1783, aka tsaya a 1797, wato shekara bakwai kafin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu. Fadan da ya fara aikin rancen kuɗi ya ci wajen wani mai garken shanu, mutanen ƙauyen kuwa su ne suka ƙona bulo, suka ɗauki dutse, suka yi kwaɓi.

Ginin na jan bulo ne da dutse da farar ƙasa, rufinsa duk bakan gizo ne da tulluwa, irin dai yadda maginanmu na dā ke rufa soro. Masana gini sun ce akwai hannun Andalus a fasalinsa, don Sifaniyawa sun gaji abubuwa da dama daga Musulmin da suka zauna ƙasarsu kusan shekara 800. Ko kalmar da suke kiran bulon ƙasa da ita, wato adobe, daga Larabci ta fito, aɗ-ɗub. Ku saurare ta da kyau ku ji ko ba ta yi muku kama da tubalinmu ba.

Hasumiyar gabas har yau ba a ƙarasa ta ba, ba ta da hula irin ta 'yar'uwarta. Wasu sun ce kuɗi ne suka ƙare, wasu sun ce wai dabara ce don ba a biyan haraji a kan ginin da ba a gama ba. Da muka ji haka sai muka dubi juna muka yi dariya, don mun tuna da gidajen wasu Alhazanmu da rodi ke tsaye a kai shekara ashirin. A fuskar ginin kuma an sassaƙa kyanwa a gefe guda, ɓera a ɗaya gefen, mutanen wurin na raha cewa ranar da kyanwar ta kama ɓeran, duniya ta tashi. Ciki kuwa ko'ina zane ne da fenti da siffofin waliyyansu, ga kyandirori na ci, mutane na durƙuso. Muka yi wa Allah godiya a zuci da ni'imar tauhidi, muka kuma yaba aikin hannun maginan, don gwani gwani ne ko a ina yake.

Yanzu ga wurin da muke so jama'a su buɗe kunne. Bayan Meziko ta sami 'yancin kai a 1821, sai tallafin mishan ya yanke, fadan ƙarshe ya tashi a 1837. Aka bar coci ba limami, ba hukuma, ba kuɗi, fiye da shekara ashirin. Wa ya riƙe shi? Talakawan ƙauyen nan. Su suka kwashe kayan ciki masu daraja suka adana a gidajensu don kada a sace, suka ci gaba da kula da ginin. A 1854 Amurka ta sayi yankin daga hannun Meziko, a 1859 aka sake turo fada, sai mutanen suka fito da kayan suka mayar. Girgizar ƙasa ta taɓa shi a 1887, tsawa ta faɗa wa hasumiyar yamma a 1939, duk ya tsallake.

Abin da ya kusa kashe ginin kuwa, jama'a, gyara ne. A cikin ƙarni na 20 masu son ginin, da kyakkyawar niyya, suka yi masa filastar siminti, don a ganinsu siminti ya fi ƙarfi, ya fi zamani. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, bangon bulo da farar ƙasa yana shan danshi yana kuma fitar da shi, kamar yadda jikin mutum ke yin gumi. Siminti kuwa ya fi bangon tauri, rana ta buga shi da rana, sanyi ya buga shi da dare, sai ya yi 'yan tsage-tsage. Ruwan sama ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, sai ya zauna a ciki yana cin bulo, gishirin da ke cikin bango ya tsattsafo ta ciki yana ɓamɓare zanen. Daga waje gini fes, daga ciki yana ruɓewa.

A 1978 wasu mutanen yankin, ba duka ne 'yan cocin ba, suka kafa ƙungiya mai suna Patronato San Xavier, aikinta ɗaya tak, neman kuɗin gyaran ginin. Daga 1992 zuwa 1997 aka kawo gwanaye har daga Italiya suka wanke zanen ciki daga hayaƙin kyandir da ƙurar shekara 200, aka kuma haɗa su da samarin ƙabilar don su koyi aikin, kada gwani ya tafi da gwanintarsa. A waje kuwa aka bi bango ana ɓamɓare simintin nan kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, ana mayar da irin yaɓen da magina na farko suka yi: farar ƙasa da yashi da ruwan wani tsiro mai ƙaya, mai faffaɗan ganye kamar tafin hannu. Ana dafa ganyen ya ba da yauƙi kamar na kuɓewa, a kwaɓa da shi, a shafa, a goge da dutse har ya yi santsi. Yau mutum kusan 200,000 ke ziyartar wurin a shekara, matan ƙauyen na soya wata irin fanke a rumfunan ƙofar suna sayarwa, ana kuma ibada a ciki kamar yadda aka saba.

Da aka yi mana bayanin yauƙin nan, sai wani dattijo a cikinmu, jikan magina ne, ya ce, "Kai, ai wannan laso ne!" Gaskiyarsa. Iyayenmu na haɗa katsi daga marina da gashin jima da dafara su yi laso, su jiƙa kwasfar ɗorawa su yi makuba, su shafe soro ruwa bai shiga ba. Ilmin da Amurka ta kashe maƙudan kuɗi ta komo gare shi, mu namu yana nan muna kallonsa a matsayin ƙauyanci. Da tsohuwar zuma ake magani.

To, mu dawo gida. Duk wanda ya yi salla a sahun farko na tsohon masallacinmu ya ga yadda filastar simintin da aka yi wa bangon alƙibla ke kumbura tana faɗowa, in ka sa hannu a bayanta ka ji ƙasa a jiƙe. Ciwon ke nan da muka gani a Arizona, mu ma namu ya fi tsanani, don nan Kurmi ne, ruwan da ake yi mana ya fi wanda suke samu.

'Yan'uwanmu masu cewa a rushe suna da hujja, kuma wajibi ne a saurare su. Ranar Juma'a sahu na kaiwa har kan titi. Kuɗin hayar shaguna zai biya malaman Islamiyya. Sun kuma tuna mana abin da ya faru a Zariya cikin watan Agustan 2023, inda wani sashe na babban masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Ba ginin da ya kai ran mumini ɗaya daraja, wannan ba gardama a kai.

Amma mu tambayi kanmu, mu da ke zaune a ƙasar Yarbawa, me muke da shi a tsaye wanda zai shaida daɗewarmu a nan? Gidajen iyayenmu an raba gado an sayar. Rumfunan goro sun koma shagunan waya. Dattawan da suka san wanda ya ba da filin, da sarkin garin da aka yi alkawari a gabansa, kullum raguwa suke yi. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, da kasuwar Shasha a 2021, sun san cewa ranar da zama ya ɓaci, kalmar farko da ake jifanmu da ita ita ce baƙi. Muna zaune lafiya da masu masaukinmu, mun yi auratayya, muna sahu ɗaya da Musulminsu, Allah ya ɗorar da haka. Sai dai 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda wasunsu Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu, in sun je Arewa a ce musu 'yan Kurmi, in suna nan a ce musu 'yan Arewa, suna bukatar wurin da za su nuna da yatsa su ce kakana ne ya ɗauki ƙasar wannan bango a kansa. Hajji Ali tarin duwatsu ne ya hana a manta da shi. Sabon bene kuwa, komai kyansa, shekarunsa daga ranar da aka buɗe shi za a fara ƙirgawa.

Saboda haka ga shawarwarin da muke miƙa wa wannan taro.

Na farko, kafin a yanke hukunci, a kawo injiniya da kuma magini wanda ya san aikin ƙasa, ko da daga Kano ko Zariya za a ɗauko shi, su duba bangon tare, su faɗa mana gaskiya. In sun ce akwai haɗari, a rufe sashen nan take, a yi salla a rumfa har a gama aiki.

Na biyu, in ginin zai gyaru, a fara da raba shi da ruwa: a canja kwanon da ya huje, a ƙara tsawon bakin rufi, a sa indararo, a fitar da magudana nesa da gindin bango. Sannan a ɓamɓare simintin a hankali a mayar da yaɓen da ya dace da ƙasa.

Na uku, sabon masallaci da shaguna a yi su a filin da ke gefe, tsohon ya zauna don salloli biyar da karatun dattawa tsakanin magariba da lisha. Ta haka masu neman fili sun samu, masu neman haya sun samu, tarihi bai salwanta ba.

Na huɗu, duk maginin da aka kawo, a haɗa shi da samarinmu uku ko huɗu su koya, a biya su ladan aikinsu. A kuma buɗe asusu na dindindin don yaɓen shekara-shekara, kamar yadda mutanen Jenne a ƙasar Mali ke fitowa kwansu da kwarkwata kowace shekara su yaɓe masallacinsu. Ginin ƙasa ba a gyara shi sau ɗaya a tafi.

Na biyar, a zaunar da dattawanmu tun suna raye, maza da mata, a ɗauki maganarsu a rubuta, a tattara takardun filin a yi musu kofe, a ajiye ɗaya wajen Sarki, ɗaya wajen Liman, ɗaya a ofishin ƙungiya.

Mu 'yan fataucin duwatsu mun zauna mun yi shawara, mun ɗauki nauyin kuɗin motar maginin da masaukinsa da abincinsa har ya gama dubawa. Muna roƙon 'yan goro da 'yan shanu da 'yan canji da masu kayan gwari, kowa ya kama inda zai iya, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In talakawan hamada sun iya riƙe ɗakin ibadarsu shekara ashirin ba limami ba hukuma, mu da muke da Sarki da Liman da kasuwa, ba mu da abin da za mu faɗa wa jikokinmu in muka kasa.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka kafa wannan zango, ya haskaka kabarinsu. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya shirya mana zuriya, ya haɗa kanmu a kan abin da ya fi alheri. Wanda maganarmu ta ɓata wa rai, ya yafe mana don Allah.